Kwalbar Ƙarin Jini

Tun daga yadda Sista ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur Auta ta san yau babu labari mai daɗi. Shekara da shekaru ke nan tana zuwa ɗakin nan na asibiti karɓar magani, ta san matar kamar yunwar cikinta. In da alheri, tun daga bakin ƙofa za ta fara tsokanarta da "amarya, amarya". Yau ko murmushi babu.

"Ja ƙofar nan ki zauna."

Ta ja ƙofa, ta ɗosana a bakin kujera, jakarta a kan cinya.

"Gwajin jininki ya fito," in ji Sista. "Ƙwayar cutar ta ɗago kai."

"Ta ɗago kamar yaya?"

"Kamar yadda kika ji. Bara na'ura ma ba ta iya ganin ta a jininki. Yanzu ga ta nan ƙiri-ƙiri."

Gabanta ya yanke ya faɗi. Ba jinya ta fara tunawa ba, ba kuma mutuwa ba. Fuskar Umma ta gani, mahaifiyar saurayinta Kafinta, zaune a kan darduma da carbi a hannu.

Da cutar HIV aka haifi Auta. Ba ta san uwarta ba sai a hoto. Yayarta ce ta goya ta, ita ta koya mata haɗiyar magani tun tana kuka tana tofarwa. Yanzu ƙwaya ɗaya ce tak kowace safiya, kuma duk wanda ya gan ta a tsakiyar yaran da take koyarwa, tana tafi suna amshi, ba zai ce ko ciwon kai ta taɓa yi ba. A makarantar ne Kafinta ya fara ganin ta, ranar da ya zo gyaran bencina. Da ya fara zuwa wajenta ba ta ɓoye masa komai ba. Ya ɓace kwana biyu, ya je ya yi nasa gwajin aka ce lafiyarsa lau, ya dawo ya ce shi fa ya ji ya gani.

Umma ce ta ce sai bayan ranta. Aka yi kuka, aka yi gaba, Kafinta ya daina cin abincin gida har wuyansa ya fito. Da ƙyar da jiɓin goshi aka kai ta wajen likita, ya yi mata bayani cewa muddin ƙwayar cutar ta kwanta har na'ura ba ta ganin ta, mace ba ta sa wa mijinta. Umma ta juya maganar a ranta, sannan ta kafa sharaɗi ɗaya: a yi gwaji sabo, ita ba ta yarda da na bara ba. In ya fito yadda likita ya faɗa, ta amince a sa rana. In bai fito ba, kowa ya kama gabansa, kada a sake tayar mata da zancen.

To, gwajin ke nan ya fito.

"Auta, dube ni nan. Kina tsallake magani?"

"Wallahi Sista ko sau ɗaya."

"Kowa haka yake ce min. 'Yan mata in aure ya matso sai su fara ɓoye robar magani, wai kada dangin miji su gani."

"Ai sun sani. Me ya rage da zan ɓoye?"

Sista ta zuba mata ido, irin kallon da ake yi wa yaron da sukari ke bakinsa yana rantsuwa. Kallon nan ya fi sakamakon yi wa Auta ciwo.

"Amai fa? Ko gudawa?"

"Babu."

"An sa ki a kan maganin tarin fuka? Na farfaɗiya? Na ciwon suga? Ko jiƙe-jiƙen gida?"

"Babu ko ɗaya."

"Wato in ban da abinci da ruwa, babu abin da ke wucewa ta maƙogwaronki."

"Sai dai na ƙarin jini. Amma ai wannan ba magani ba ne."

Sista ta dafe kai da hannu biyu.

"Ba magani ba ne, miya ce? Duk zuwan da kika yi sai na tambaye ki ko kina shan wani abu, ki ce min a'a."

"Na ɗauka na ciwo kike nufi," in ji Auta. "Wani jan ruwa ne mai ƙarni, da wasu fararen ƙwayoyi wai na ƙarfin ƙashi."

"Yaushe kike sha?"

"Da safe, tare da nawa, kafin in karya. Don kada in manta nake haɗa su. Da ya fara ƙona min ciki sai Yaya ta ce in riƙa ɗora farin ruwan nan na olsa a kai."

"Inna lillahi. Su uku kika haɗa wa ƙwaya ɗaya."

Sista ta jawo kujerarta kusa. Faɗan ya tafi, saura tausayi, wanda shi ma ba daɗin gani gare shi ba.

"Saurara da kyau. Irin maganin da kike sha ba ya shiri da sinadarin ƙarfen da ke cikin na ƙarin jini. Ba ya shiri da na ƙashi, balle farin ruwan olsa. In suka haɗu a ciki, musamman cikin da ba kowa, sai su riƙe shi su fice tare, jini bai sami rabonsa ba. Ke kina ganin kin sha, jikinki kuwa kaɗan ya gani. In dole sai an sha su, ki fara shan naki, ki bari sa'a biyu ta wuce. In kuwa su kika fara sha, sai bayan sa'a shida. Ban ce tabbas shi ne ba, amma shi nake zargi."

"Yanzu ya zan yi?"

"Ki ajiye su gaba ɗaya, in jininki na bukatar ƙari mu za mu duba mu tsara miki. Naki kuwa kada ki kuskura ki daina don ranki ya ɓaci. Bayan wata uku mu sake gwaji. In ta kwanta, shi ke nan. In ba ta kwanta ba, likita zai duba ko ta fara jure wa maganin ne." Ta ɗan tsaya. "Wa ya rubuta miki su?"

"Ba rubutawa aka yi ba. Aiko min aka yi."

"Wa?"

"Mahaifiyarsa."

Sista ta ɗauki tabarau ta mayar.

"To," kawai ta ce.

Wannan "to" ɗin ya bi Auta har gida.

Ta tarar da Yaya a kan keken ɗinki, bakinta cike da allurai. Ba ta ko cire mayafi ba ta wuce ɗaki ta ɗauko kwalbar daga kan taga, ta zo ta dire a kan keken, ta zayyana mata komai tana share hawaye da bayan hannu.

Yaya ta tofar da alluran a tafin hannunta.

"Na faɗa! Ban faɗa ba? Matar da ta ce sai bayan ranta, dare ɗaya ta koma mai aiken alheri? Ke kuma uwar son suruka kika karɓa hannu bibbiyu."

Gaskiya ne, hannu bibbiyu ta karɓa. Ba a daɗe da kafa sharaɗin ba Kafinta ya zo da leda yana washe baki, ya ce, "Umma ta ce ki riƙa sha kullum." Ranar Auta kasa cin abinci ta yi don murna. Duk ƙarninsa, duk ƙunar cikin, ba ta taɓa fashi ba. In kwalba ta ƙare wata ta zo. Wa ke raina abin da uwar miji ta aiko, balle uwar mijin da aka sha wuya kafin ta kalle ka?

"Yaya, ina Umma ta san haɗin magani? Ita da ko na hawan jininta sai an ɓalle mata an miƙa."

"Sai ta sani? Ba tambaya ake yi ba? Ta kafa miki sharaɗi da hannun dama, ta miƙo miki abin karya shi da na hagu. Gobe ta ce wa duniya ita ta yarda, jini ne ya ƙi."

"Na olsar fa? Ke kika ba ni."

Yaya ta yi turus. Ta ja dogon tsaki, ta ce ita don cikin ƙanwarta ta bayar, kada a haɗa ta da masu baƙar aniya, ta koma taka keke da ƙarfin da ɗinkin bai bukata ba.

Auta ta ɗauki kwalbar tana juyawa a hannu. A jikin murfin akwai 'yar koriyar takarda da aka manna, irin wadda kemis ɗaya ne kawai ke mannawa a unguwar. Sau nawa ta gan ta ba ta kawo komai a ranta ba. Yau kuwa sai ta tuna ko kemis ɗin waye.

Mai Kemis ya riga Kafinta zuwa neman ta. Mutum ne mai tsafta da sanyin murya, shagonsa na bakin mararraba. Yaya ta so ƙwarai Auta ta aure shi, har ita da bakinta ta faɗa masa lalurar Auta, wai mai sayar da magani shi ya fi dacewa da mai shan magani. Auta ta ce ba ta son sa. Ranar da ta sallame shi murmushi ya yi ya ce, "Ba komai Malama, ina nan." Ba ta taɓa son wannan "ina nan" ɗin ba.

"A wajensa aka saya," ta ce.

"Kada ki soma ɗora wa bawan Allah," in ji Yaya ba tare da ta ɗago ba. "Ina kuma za ki?"

Auta ta riga ta kai bakin ƙofa.

Ta tsaya a gefen shagon har mai sayen maganin mura ta gama cinikinta ta fita. Mai Kemis na ganin ta ya miƙe, ya gyara wuyan farar rigarsa.

"Malama da kanta? Yau wace rana!"

Ta ajiye kwalbar a kan gilashin teburin shagon.

"Daga nan ta fito?"

"Daga nan."

"Ka san wa za a ba?"

Fara'ar ta ragu. Ya leƙa waje, ya rage murya.

"Na sani. Tsohuwar ta ce wa yarinyar da ɗanta ke nema za ta aika. Ba ni da bukatar a faɗa min suna."

"Ka san kuma abin da yake yi wa maganina."

"Na sani mana. Malama, me ya faru?"

"Ya ɓata min jini, abin da ya faru ke nan." Hawaye suka zubo mata, ta ji haushin kanta da ta yi kuka a gabansa. "Ka sani ka sayar. Ka yi shiru kana jira a fasa, ko? Ai ka ce kana nan."

Ransa ya ɓaci, ko kuwa ya iya nuna ɓacin rai, ita dai ta kasa bambancewa.

"Kin ƙi ni, na haƙura. Amma ban taɓa zaton za ki ɗauke ni mai cutar da mara lafiya ba. Wallahi tallahi na faɗa mata. Na ce kada a haɗa su lokaci ɗaya, na faɗa mata tazarar da za a bari, na ce kuma a nuna a asibiti kafin a fara. Har sa ni ta yi na maimaita."

"Ta sa ka maimaita?"

"Tana lanƙwasa yatsu tana bi na." Ya ɗaga kafaɗa. "Abin da ta yi da maganar bayan ta fita, wannan tsakaninta da Allah."

Auta ta dafa gilashin teburin. Ashe Yaya ta yi gaskiya. Ba jahilci ba ne, da sani aka yi.

"Zauna ki sha ruwa," in ji Mai Kemis, muryarsa ta koma ta dā. "Ni ba zan zugo ki ba. Amma ki duba gidan da kike son shiga. Da a hannuna kike, ko maganin ciwon kai ba za ki haɗiya ba sai na duba."

Ta ɗago ta kalle shi. A can ƙasan tausayin da ke idonsa akwai wani ɗan haske na jin daɗi da ya kasa ɓoyewa. Sai ta rasa wanne za ta kama. In ƙarya yake yi, ya iya. In gaskiya yake faɗa, ta yi masa daɗi da yawa.

Ta ɗauki kwalbarta ta fita, ruwan ma ba ta sha ba.

A ka'ida bai kamata ta je gidan su Kafinta da ƙafarta ba, ita kaɗai, ba aike ba gayyata. Ta san haka. Ta san kuma in ta koma gida ta kwana da maganar nan, zuciyarta za ta fashe. Shagon Kafinta na jikin gidan, ƙarar injin yankan katako ta cika layin, ya ba ƙofa baya yana aiki. Ta raɓa ta wuce bai gan ta ba.

Umma na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa a faranti. Ta amsa sallama, ta ɗago, mamaki ya bayyana a fuskarta. Auta ta cire takalmi ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe ta, kanta a ƙasa.

"Lafiya dai, 'yar nan?"

"Sakamako ya fito, Umma."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin shinkafar.

"Bai yi kyau ba," in ji Auta.

Auta ta saci kallon fuskar, tana neman murna ko wani abu mai kama da ita. Ba ta ga komai ba, fuskar a rufe take ruf.

Ta ciro kwalbar ta ajiye a tsakaninsu.

"A asibiti sun ce wannan suke zargi. Kullum da safe nake haɗa shi da nawa in sha, ashe hana shi aiki yake yi." Ta ɗago ta kalli tsohuwar. "Umma, ni marainiya ce, ban san daɗin uwa ba. Ranar da kuka aiko min da shi na ce Allah ya ba ni wata. Da kun ce min in rabu da ɗanku, wallahi da na fi jin sauƙi. Ciwon nan ban saye shi a kasuwa ba, da shi na buɗe ido. Me na yi muku da za a bi ta cikin jinina?"

Umma ta ajiye farantin a hankali.

"Maimaita. Me kika ce na yi?"

"Mai Kemis ya ce ya faɗa muku."

"Ya faɗa min."

Auta ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Har ga Allah ta so a ce tsohuwar ta musa.

"Buɗe fuskarki ki kalle ni!" Muryar Umma ta yi kaushi. "Ni na ƙi auren nan, a gaban idonki na ƙi shi, ban zagaya ba. Har yau in aka tsaga zuciyata za a sami tsoro, ɗa ɗaya gare ni. Amma in sa hannu in cuci 'yar mutane? Da furfurata? Da me zan je gaban Allah?"

"To me ya sa..."

"Ranar da Yayarki ta kawo ki gaishe ni, na ga tafin hannunki fari fat. Na ce tun da yaron nan ya kafe, gara ta shigo da jini a jikinta, haihuwa na gaba. Na je da ƙafata na saya. Mutumin ya ce a raba su, sa'a biyu in nata ta fara sha, shida in wannan ta fara. A yatsuna na riƙo maganar har gida don kada ta zube a hanya. Na zaunar da yaron nan a nan inda kike, na ce ka tambaye ta lokacin da take shan nata, ka ce ta raba su, kuma ta kai wa masu ba ta magani su gani kafin ta sa a baki. Ba abin da ya faɗa miki ke nan ba?"

Kukan Auta ya tsaya cak.

"Cewa ya yi in riƙa sha kullum."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

Suka kalli juna. A karo na farko tun da suka san juna, tambaya ɗaya ce a idonsu su biyun.

Umma ta juya wajen katanga ta ɗaga murya.

"Kai! Kashe injin nan ka zo!"

Ƙarar ta mutu. Ya shigo yana kakkaɓe garin katako daga gashinsa, fensir a bayan kunne. Da ya ga Auta fuskarsa ta washe. Da ya ga kwalbar a ƙasa da jajayen idanunta, ya sha jinin jikinsa.

"Saƙon da na ba ka ranar da na sayo wannan," in ji Umma, "ka isar?"

"Na kai mata, Umma."

"Ba kwalbar nake tambaya ba. Maganar."

Ya sosa ƙeya. Ya kalli ƙasa, ya kalli faranti, ya kalli ko'ina ban da inda Auta take.

"Jinina ya ɓaci," in ji Auta. "Ƙwayar ta tashi. Tare nake shan su tun ranar da ka kawo."

Kafinta ya sulale ya zauna a ƙasa daɓas.

"Wayyo Allah. Auta, wallahi da maganar a bakina na zo. Na same ki kina ta murna, kina rungume da ledar nan kamar an ba ki duniya. Sai na ga in na ce maganinki, fuskarki za ta canza. Na ce bari sai gobe. Gobe ta zo na ce jibi. Daga baya na ce ai na ƙarin jini ne, me zai yi wa mutum?"

"Duk kwalaben da ka yi ta kawowa, babu ranar da ta dace?"

"Ba na son in tuna miki."

"Ka tuna min?" Ta yi wata dariya marar daɗi. "An ce maka mantawa nake yi? Ko dai ka gaji ne? Faɗa min gaskiya a gaban Umma. Ka gaji da rigimar, ka rasa bakin cewa ka fasa, sai ka bar kwalba ta faɗa maka?"

"A'uzubillahi!" Hawaye suka wanke masa fuska, suka yi hanya a cikin garin katakon. "In na yi haka kada Allah ya kai ni gobe. Ni da na bar cin abinci saboda ke? Auta, ni a wajena lafiyarki ƙalau. Ban taɓa kallon ki a mai ciwo ba, ko sau ɗaya. Ke kamar kowa ce a idona."

Ta yarda da shi. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, ta yarda da shi ɗari bisa ɗari. Da mugunta ce da ta san inda za ta ajiye ta.

Sai ta shiga tuna zaman da suka yi, hirarraki masu yawa a ƙofar gida, kan gadon da zai ƙera musu da sunan da za su sa wa 'yar fari. Ta lalubo ko sau ɗaya da ya ambaci sunan ciwon da bakinsa, ta rasa. "Abin nan" yake cewa, ko "lalurar nan", sannan ya yi maza ya sauya zance. Ita kuma duk a zatonta kara ce yake yi mata.

"Ni ba kamar kowa ba ce," ta ce a hankali. "Ina da HIV. Da ita nake kwana, da ita nake tashi, kuma zan sha maganin nan har ranar da za a ɗauke ni. Wadda kake so ɗin nan da ba ta da ciwo, ban san ta ba."

"Kada ki ce haka, don Allah."

"In na yi ciki fa? In na kwanta zazzaɓi aka kawo min wani magani ina barci, wa zai ce a dakata a tambaya? Kai da kake jin nauyin kalmar?"

Ya kifa kai a gwiwa yana shessheƙa. Umma ta yi wa ɗanta kallon da babu wasa a ciki. Sannan ta share idonta da gefen zane ta juyo.

"'Yar nan, yaushe suka ce a sake gwajin?"

"Bayan wata uku, Umma."

"To na ji. Na ce in bai fito ba kowa ya kama gabansa. Na janye. Ɓarnar daga gidan nan ta fita, ba zan ɗora miki ba. A jira wata ukun. In ya yi kyau, ni da kaina zan tura a sa rana."

Kafinta ya ɗago da sauri. Ya kama ƙafar uwarsa yana godiya, yana dariya yana kuka, ya juyo wajen Auta fuskarsa cike da haske.

"Kin ji? Auta, kin ji abin da Umma ta ce? Shi ke nan, komai ya wuce!"

Ba ta yi murmushi ba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka."

"Yi ɗari."

"Maganin nawa, da safe nake sha ko da dare?"

Bakinsa ya tsaya a buɗe. Ya waiga wajen Umma, Umma ta kawar da kai. Ya murza fensirin da ya faɗo masa a cinya.

"Da dare," ya ce. Sannan ya ɗago yana neman amsar a fuskarta. "Ko?"

Auta ta ɗauke idonta daga kansa. Ta gyara mayafinta, ta matsa gaban tsohuwar ta sake durƙusawa.

"Umma, na gode da wata ukun, Allah ya saka da alheri. Amma ko jinin ya fito fes, kada a tura kowa gidanmu sai na ce."